Bututan da Ya Jera

Ranar Talata ce, ana yayyafi, ta shigo shagon kayan famfo tana neman bututu mafi siranta.

"Na wane ruwa?" in ji mai shagon.

"Na lissafi."

Ɗalibar jami'a ce, shi kuwa a aji uku ya bar makaranta. Tun ranar yake ce mata Malamata, ita tana ce masa Injiniya.

Ta bayyana masa aikinta: siraran bututai masu yawa, kowanne ya kalli nasa gefen, yaya za su hau kan juna su matsu a ƙaramin wuri? "Akwai ɓangaren tambayar da har yau ba wanda ya amsa."

Sannu a hankali soyayya ta shiga tsakaninsu. Babanta kuwa ya ce ba zai ba marar takarda 'yarsa ba, ga wani malamin jami'a yana zarya.

Wata Asabar aka kira shi gyaran famfo a gidan babanta. A teburin falo ya ga bututan shan lemo ɗari uku, an manna su barkatai. Hannunsa ya kasa haƙuri. Ya ɓamɓare su, ya jera sambal, ya ɗaure da roba kamar na shago.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Wata biyu na yi ina auna kowanne. Saura kwana goma in nuna wa malamai. Kada ka kira ni."

Washegari ya rufe shago, ya durƙusa gaban baban. "Baba, a ara mini littafin awonta."

"Kai da ba ka gama makaranta ba?"

"Ku karanto mini, ni in sake haɗa mata aikin."

Tsohon ya yarda da niyyar ganin iyakarsa. Kwana takwas suna rumfar mota, yana karanto lambobi, saurayin yana liƙa siraran bututan tagulla.

Da ta gani, ta daɗe tana zagaya shi. "Injiniya, na arba'in ya karkace."

"Laifina ne, ni na karanta ba daidai ba," in ji baban. "Kada ki taɓa mini yaro."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Baban ya ce, "Allah ya haɗa kanku, ya ba ku zaman lafiya."

Tambayar tana nan ba amsa. Abin da aka rasa: bututan lemo ɗari uku, fatar yatsa biyu, da malamin jami'a ɗaya.