Takabar Saratu

Ruwan sama na ɗiga ta rufin ɗakin ajiyar da aka mayar da Saratu a Rafin Guza, ita kuwa ko ƙarfin janye tabarma ba ta da shi. Kwana arba'in ke nan da injin buga bulo ya danne mijinta Ja'afaru a wani kamfani da ke Malali, ya bar ta da Nafisat 'yar shekara uku. Tun ranar sadakar uku yayansa Sharhabil ya kafa doka: mai takaba ba ta leƙa ko zaure, ba ta ganin baƙo. Ya karɓe wayarta, ya zuba 'yan haya a ɗakinta.

"Yaya, Nafisat zazzaɓi take yi tun jiya..."

"To ni likita ne? Koma ciki, kada ki ɓata wa ƙanena takaba!"

Ta koma tana share hawaye da bakin hijabi. "Ya Allah, na gaji... Kai ne gatan maraya."

Ranar da ta fita takaba ta goya Nafisat ta taka har kamfanin. Akawu ya buɗe fayil ɗin marigayin, ya kasa haɗa ido da ita.

"Baiwar Allah, ai an biya diyya tuni. Takardar da ya cike tun yana saurayi, yayansa ya rubuta a matsayin magaji. Yayan kuma ya kawo takardar rantsuwa cewa an sake ki shekara guda kafin hatsarin, yarinyar ma agola ce."

"Agola? Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Gwaggo Larai, ƙanwar mahaifin su Ja'afaru, ita ta ja ta zuwa kotu. Sharhabil ya zo cikin shadda sabuwa fil, ya maimaita maganar saki, sannan ya buga ƙirji.

"Allah ya gafarta Malam, butulci ne! Ni na ciyar da ita duk takabarta, wata huɗu da kwana goma, ko ƙofa ban bari ta taka ba!"

Alƙali ya cire tabarau. "Takabar wa? Matar da aka saki shekara guda, ita ka tsare tana takaba?"

Gwaggo Larai ta kwance ƙullin zanenta, ta miƙa tsohon littafin da gidansu ke rubuta haihuwa da ajami.

"Duba layin ƙarshe, Malam. Nafisat 'yar Ja'afaru. Wannan marar kunyar ne ya rubuta da hannunsa ranar suna."

Aka umarci Sharhabil ya dawo da diyyar a raba wa magada, aka wuce da shi gidan yari kan rantsuwar ƙarya. Yana ta kiran "Saratu, ki yafe mini!" har muryarsa ta ɓace.

A bakin kotu Gwaggo Larai ta rangaɗa guɗa. Saratu ta zauna kan dakali, ta rungume 'yarta, hawaye na zuba.

"Alhamdulillahi... Gwaggo, kai mu gida. Ni dai barci nake so in yi."