Ƙarfen da Ke Bangon Dakta Bara'atu

Bayan sallar la'asar aka kira Sufeto Siddiƙu Tambari a waya. An tarar da Dakta Bara'atu Junaid kwance cikin jini a ofishinta, a cibiyar gyaran hali da take shugabanta a Dundaye.

Kafin ya isa har an wuce da ita asibiti. Tana numfashi, amma ba ta san inda kanta yake ba.

Sufeto ya san ko wace ce ita. Masaniyar halayyar ɗan'adam ce. Bincikenta ne ya nuna cewa matashin da aka ɗaure don ya daina shaye-shaye yakan fito ya fi da lalacewa, wanda kuwa aka saurare shi aka mayar da shi aji yakan gyaru. Saboda binciken nan aka rufe gidajen mari da dama, kwalejojin horar da malamai kuma suka sa shi cikin darussansu.

Ba a fasa ƙofar ofishin ba. Kofunan shayi biyu na kan tebur. A bango akwai ƙusa, ba komai a jikinta, sai tabon tsatsa a ƙarƙashinta.

Ya kira Ladi, nas ɗin da ta fara ganin Dakta.

"Mi ke rataye nan?"

Ladi ta dafe ƙirji. "Mari ne, yallaɓai, ƙarfen da ake sa wa yara a ƙafa. Tana nuna ma ɗalibai in sun zo. Da safe yana nan."

"Kada ki faɗa ma kowa ya ɓace. Kin ji?"

"Na ji."

A tsakar cibiyar ma'aikata na ta ƙus-ƙus, suna kallon mutum ɗaya. Muntari ke nan, malamin kafinta, wanda a da shi ma ɗan ƙwaya ne, kafin Dakta ta ɗauko shi. Sufeto ya kira shi gefe.

"Ina kake bayan azahar?"

"Ina shago, ranka shi daɗe."

"Ɗalibanka sun ce sun iske shagon da kwaɗo."

Muntari ya sunkuyar da kai. Can ya ɗage ƙafar wandonsa. Idon sawunsa duk tabo ne, zagaye kamar munduwa.

"Motar Alhaji Ubaidullahi na gani ta shigo. Gidan marin mahaifinsa anka yi mini wanga. Tsoro ya kama ni, na tsere cikin gonaki. Sai da na ji kururuwa na dawo."

"Mi ya hana ka faɗi tun farko?"

"Tsakanin ni da Alhaji, wa za a yarda da shi?"

Sufeto ya juya wajen mataimakinsa, Sajan Nura. Ya ce masa ya tayar da mota.

Sun tarar da Alhaji Ubaidullahi a zauren gidansa a Ƙofar Rini. Babban ɗan kasuwar hatsi ne, mai fara'a. Ya sa aka kawo ruwa, aka gaisa.

"Alhaji, ka je Dundaye yau?"

"Ni? Ina kasuwa tun safe. Amma na ji abin da ya faru, Allah shi ba ta lafiya. Ai irin yaran da take tarawa, ba abin mamaki ba ne. Wanda zai iya ɗaukar mari ya buga ma mace a kai, ba ya cikin hankalinsa."

Sufeto ya ajiye kofin ruwan.

"Wa ya ce maka da mari anka buge ta?"

"Haka mutane ke faɗi."

"Waɗanne mutane? Mu uku munka sani, da ni, da nas, da wanda ya ɗauke shi. Ba Sajan makullin motarka."

A bayan motar, cikin buhun gero, Sajan Nura ya zaro ƙarfen. Jinin jikinsa ya bushe.

Alhaji ya dubi ƙarfen. Sannan ya ce:

"Na mahaifina ne. Mutane da kansu suke kawo masa ɗiyansu suna kuka. Bayan bincikenta anka rufe gidan, anka kira shi azzalumi a rediyo. Bai sake fita masallaci ba har ya rasu. Na tahi in roƙe ta ta ba ni ƙarfen, ta bar nuna shi. Ta ba ni shayi, ta saurare ni, sannan ta ce ba ta taɓa kiran sunan kowa ba, amma dole ɗalibai su gani da idonsu. Ta juya za ta ɗauko mini littafinta. Ban san lokacin da na cire shi daga bango ba."

"Kuma ka so a ɗora ma Muntari."



Wayar Sufeto ta yi ƙara. Daga asibiti ne: Dakta ta farfaɗo, tana iya magana.

"Tashi mu tahi, Alhaji."

Ya miƙe, ya gyara hularsa. "Alfarma ɗaya, Sufeto. Mahaifiyata na cikin gida, ba ta da lafiya. Kada a kunna jiniya."

Sufeto ya dubi Sajan Nura ya gyaɗa kai. Suka sa shi a mota, suka fita daga lungun a hankali.