Kyautar Da Ta Dawo Shago

Tun kafin dillalin ya gama zazzage buhun a kan kantar shago, Auta ta gane rigar kujerar.

Ruwan toka ce mai jan ɗinki a gefe, ga ɗan tabon jan farce daidai inda gwiwa take gogawa. Tabonta ne. Ita ta yi shi, ranar da motar ta faɗa rami tana tsakiyar gyaran farce.



Shi kuwa dillali sai zuba yake yi kamar an kunna rediyo. Wai kayan babban mutum ne, daga jikin jif aka kwance su, ko ƙura ba su gama sha ba. Yana magana yana fito da su: rigar sitiyari, labulen gilashi, matashin wuya, kafet ɗin ƙasa, kyamarar baya da wayoyinta a nannaɗe. Matakalar ƙarfen ce kawai ta ƙi shiga buhu, ya jingine ta a bakin ƙofa.

Duk daga wannan shagon suka fita. Shagon kayan ƙawar mota ne na yayanta, sabo da na hannu, ita ke tsaron kantar. Kuma babu ɗaya a cikin kayan nan da ba ita ta zaɓa ba, ta naɗe a leda, ta miƙa wa Dogo kyauta tana sunne kai. Dogon da ake maganar aurensu.

Yaya ya taso daga bayan shago. Ya ɗauki rigar sitiyarin, ya juya ta, ya dubi ƙanwarsa, sannan ya tambayi dillali mai kayan.

Mutumin ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya an hana shi faɗa, har ma an ce ya kai su can ƙarshen gari, kada ya kuskura ya sayar a wannan layin. To amma ga rana, ga cunkoso, kuma kowa ya san nan ne ba a yi wa kayan hannu wulaƙanci. Suna dai ba zai kama ba. Wani dogo ne mai kamfanin kujeru.

Yaya ya ce ya bar kayan ya dawo gobe.

Ashe 'Yar Gwaggo tana kan benci tun ɗazu, wai cajin waya ya kawo ta. Ita dama haka take, ko kaza ce ta yi tuntuɓe a unguwa sai an same ta a wurin. Ta taso tana tafa hannu a hankali.

"Ayya Auta... ayya 'yar uwata."

Ta ce ita ba ta son shiga abin da ba ruwanta, amma namiji ba ya kwashe kayan mace daga motarsa haka kawai. Ko dai asiri ya tonu, dama arziƙin na baki ne, ko kuma ana share kujerar gaba ne don wata ta zauna. Ta faɗa tana leƙen fuskar Auta, kamar mai duba tukunya ko ta tafasa.

Yaya bai ko kalle ta ba. Shi dama tuntuni ya sa wa Dogo ido, yana cewa yaron ya zama ɗan a-gan-ni.

"Da na rufe shago wurin Baba zan wuce," in ji shi. "Maganar auren nan a tsayar da ita."

"Yaya, don Allah ka bari in ji daga bakinsa..."

"Kina da daga yanzu zuwa in ja ƙofar nan."

Ta figi jakarta ta fita.

To, ga inda abin yake, wanda ko mahaifiyarta ba ta sani ba: Auta ba ta taɓa ƙaunar jif ɗin nan ba. Ko na rana ɗaya.

Lokacin da Dogo ya fara zuwa wurinta, wata 'yar ƙaramar mota gare shi, ƙofarta sai an ɗaga ta kafin ta rufu. A cikinta suka saba, a cikinta ya fara ce mata Autata yana in'ina. Kwatsam wata rana sai ga shi a jibgegiyar baƙar mota mai sheƙi, yara na binta a guje, shi kuma yana ta kallon fuskar Auta yana jiran ta yi murna. To me za ta ce? Ta yi murnar.

Daga nan ta shiga uku. Mota kamar bene, sai ta tattare zane ta yi tsalle kafin ta hau, mazan layi na kallo. Lungun gidansu ya yi mata kaɗan, sai dai a tsaya a bakin titi ta tako cikin rana. Kujerar fata kuwa in ta sha zafi, kamar ka zauna a kasko. Ranar da aka kai Mama asibiti a ciki, wajen saukowa ƙafarta ta gurɗe, ta yi ta ɗingishi tana cewa ba komai don kada surukin gobe ya ji kunya.

Auta ba ta iya cewa ba ta so ba. Sai ta yi abin da ta iya. Tsayi ya dame ta, ta ba shi matakala. Zafi ya dame ta, ta ba shi riga da labule. Ya kusa take wata mai talla garin ja da baya, ta ba shi kyamara. Kowace kyauta ƙorafi ce aka naɗe a leda, shi kuma bawan Allah yana karɓa yana washe baki.

Yau ga su sun dawo mata a buhu.

Ta sami Dogo a cikin kamfaninsa, injin yankan katako na ƙara, ƙurar katako ta yi masa fari a gira. Filin da jif take tsayawa a ƙofar wurin babu komai sai tabon baƙin mai a ƙasa. Yana ganinta ya kashe injin. Ma'aikatansa suka dubi juna, suka tuna suna da aiki a waje.

Ya fara murmushi, "Autata, ke ce da rana haka..."

"Ina motar?"

Ya ce tana gareji.

"Matakalar ma tana gareji?"

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya nemi wata kujera da ba a gama yi wa fenti ba ya zauna.

"Suna kan kantata," ta ce. "A gaban Yaya aka zazzage su. Ka faɗa mini gaskiya, wace ce?"

"Wace ce wa?"

"Wadda kake share wa kujera."

Ya ɗago da sauri, ya rantse da Allah babu wata. Sai kuma magana ta ɓalle masa kamar an fasa tulu. Ya ce motar ya sayar. Ya ce tun da ya saye ta bai huta ba: yau wata fitila ta kama a gaban sitiyari, gobe wata, bakanike ya leƙa ya ce sai an kawo na'ura, na'ura ta ce sai an yi odar kaya daga waje. Ta fi daɗewa a gareji a kan ƙofar gidansa. Mai kuwa kamar ana zuba shi a rairayi. Ko falanki ɗaya ba ya iya ɗauka a ciki don tsoron kada fata ta yage. Ga ƙafar Mama, wadda har yau in ya tuna sai barci ya ƙi zuwa. Wanda ya saya ya ce shi ba ya son tarkace, a ba shi mota yadda kamfani ya yi ta, shi ya sa aka kwance kayan.

"To don me ba ka kawo mini abina ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Da wane ido zan dube ki? Ke da kike son motar nan kamar me... kullum da abin da za ki saya mata."

Auta ta tsaya sororo.

"Ni? Wa ya ce maka ina sonta?"

Nan fa sunan 'Yar Gwaggo ya fito. Ashe ita ta tare shi tun tuni, da fuskar tausayi, ta ce masa akwai wani mai jif da ke zarya shagon, kuma Auta ta faɗa da bakinta cewa 'yar ƙaramar motarsa kunya take ba ta a gaban ƙawaye. Ta ce ita dai shawara ce, in ita ce ko a ƙasa yake tafiya ba ruwanta, amma kowa da halinsa. Shi kuma gogan, maimakon ya tambaya, sai ya tafi ya jajibo bene mai taya.

Dariya ta taso wa Auta, kuka ya riga ta fitowa.

Ta faɗa masa komai. Tsallen, kaskon, tafiyar rana, da abin da kowace kyauta take nufi. Ya saki baki yana kallonta. Har ya fara dariyar jin daɗi, ya miƙe yana cewa ashe wahalar banza suka sha su biyu, shi ke nan magana ta ƙare.

Ta ja da baya.

"Ba ta ƙare ba."

"Haba Autata..."

"Motar ba ta dame ni ba, ka sayar, ka ƙona, duk ɗaya. Ni ma na yi laifi da na yi shiru. Amma kai ka zaɓi ka aika kyautata ƙarshen gari a ɓoye, don kada ka sha kunyar minti ɗaya a gabana. Gobe in wani abu ya same ka a gidan aure, haka za ka yi? In ji a bakin dillali?"



Ta goge idonta da gefen mayafi. Ta gaya masa Yaya zai wuce wurin Baba da ya rufe shago. In yana sonta, ya zo da ƙafarsa ya faɗa wa Yaya abin da ya faɗa mata, ba ragi. Ita ba za ta ɗaukar masa ko kalma ɗaya ba.

Kowa ya san Dogo, duk tsayin nan nasa, gara a haɗa shi da zaki a kan a haɗa shi da Yaya.

Ta juya ta fita, ba ta waiwaya ba.

Da ta koma shago, Yaya bai tambaye ta komai ba. 'Yar Gwaggo na nan a benci, waya ta cika tuntuni amma ba a cire ta daga caji ba. Sai cewa take yi Allah Ya sa hakan ne mafi alheri, maza ai suna da yawa.

Inuwa ta fara tsawo a titi. Maƙwabta suka soma shigar da kayansu. Auta ta goge kantar, ta sake gogewa. Duk motar da ta rage gudu sai ta leƙa, motar kuma ta wuce.

Yaya ya shigar da tayoyin talla. Ya shigar da matakalar. Ya kashe fanka, ya ɗauki makulli, ya kama ƙofar ƙarfen ya jawo ta har rabi.

"Fito mu tafi," ya ce.

Ta tsaya tana leƙen titi.

Sai aka yi sallama daga waje, murya na haki. Wani dogon mutum ya ranƙwafo ta ƙarƙashin ƙofar, har ya buga goshi. Rigar aiki ce a jikinsa, gumi ya jiƙe ta, ƙurar katako har cikin gashi. Cunkoso ya riƙe tasin da ya hau, ya sauka ya ƙaraso da gudu.

Ya durƙusa a gaban Yaya. Bai dubi Auta ba. Ya faɗi komai tiryan-tiryan: dalilin sayen motar, azabar da ta ba shi, da yadda tsoro ya sa ya aika dillali. Bai nemi a tausaya masa ba. Da ya zo kan wadda ta ba shi shawara, aka juya wajen benci... ba kowa. Ko cajar ba ta tsaya ɗauka ba.

Yaya ya daɗe yana juya makulli a yatsa.

"Ka san abin da ya haɗa ni da kai?" ya ce. "Tun da ka sayi motar nan ban ƙara ganin ƙafarka a shagon nan ba. Sai dai ka danna hon daga titi, ƙanwata ta fita kamar 'yar aike."

"Wallahi Yaya ba raini ba ne. In na sauka na bar ta, layin nan gaba ɗaya toshewa yake yi, zagi nake sha ta ko'ina."

Yaya ya cije leɓe. Ya juya baya yana tari, amma kafaɗunsa sun tona masa asiri.

"Tashi ka kama mini ƙofar nan, tsayinka ya yi amfani."

Suka ja ta tare har ƙasa. Yaya ya datse kwaɗo, ya ce wurin Baba dai sai an je, amma su uku za su tafi, kuma Dogo ne zai yi bayani, ya kuma duba ƙafar Mama da idonsa. Ya yi gaba abinsa.

Auta ta bi bayansa, fuska a ɗaure. Dogo ya biyo ta yana karkaɗe riga.

"Autata..." ya ce ƙasa-ƙasa. "An yafe mini?"

"Ban ce ba tukuna."

Amma sai ta rage sauri, har ya iso gefenta.