Sunan Da Malam Yari Ya Ƙi Faɗa

"Sun hana shi bizar, Safara'u!"

Safara'u ba ta ɗago kai daga tsintar shinkafar da take yi a bakin zaure ba. Sai da ta fitar da tsakuwa biyu ta jefar, sannan ta ce, "Madalla."

Babaji ya tsaya riƙe da kaset a hannu, gumi na zubo masa. "Mi kika ce?"

"Na ce madalla, Yaya. Ko in ƙara da guɗa?"

"Mahaifinki ne fa!"

"Haka na ji ana faɗi..."

Babaji ɗan baffanta ne, ɗan Baffa Garba, kuma shi ne wanda aka sa musu ranar aure bayan babbar Sallah. Turaren wuta da humra yake sarowa daga wajen fataken Sudan yana sayarwa a kasuwa, shi ya sa duk saƙon da ya fito daga gabas ta hannunsa yake biyowa. Ita kuwa mai buga tafireta ce a sakatariya, tana zaune a Ƙofar Kaura wajen Inna Sabuwa, ƙanwar mahaifiyarta.

Mahaifin nata, Malam Yari, ya bar Katsina tana 'yar shekara uku, a shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki. Ya ce Makka za shi ta ƙasa, shekara ɗaya ya dawo. Da ya kai wani gari mai suna Gadarif a Sudan, sai ya tarar da Hausawa suna noman riɗi, ya tsaya ya taya su damina ɗaya. Damina ta haifi damina. Ya yi aure can, takardunsa na Najeriya gara ta cinye, ya yanki na Sudan. Ga shi yau shekara ashirin, soja sun sake miƙa mulki, fastocin 'yan takara ba su gama ɓallewa daga bango ba, sai tsoho ya ce yana son ya ga gida kafin ya mutu. Amma yanzu baƙo ne. Sai da biza.

Ba a ce bai aiko da saƙo ba. Duk shekara kaset yake aikowa, a taru a tsakar gida a kunna rikoda. Ya gaida liman, ya gaida mai unguwa, ya gaida wanzami. Ya gaida tsamiyar ƙofar gida. Har kunkurun da ke zaune cikin tsohuwar rijiyar masallaci sai ya tambaya ko yana nan da ransa. Can wajen ƙarewar zare sai ya yi gyaran murya ya ce, "Da kuma yarinyar nan."

Shi ke nan rabon Safara'u. Ita ce ɗiyarsa ta fari, kuma uba mai kunya ba ya kama sunan ɗan fari. Ta san haka, kowa ya sani. Amma ta ga mahaifiyarta tana mayar da zaren kaset baya da biro, tana ƙara sauraro, shekara goma sha biyar, ba saki ba dawowa, har tari ya kwantar da ita aka fita da ita a makara.

Babaji ya durƙusa gabanta. "Ki saurara dai ki ji, hasken idona."

Ya saka kaset ɗin a rikodar Inna. Muryar wani maƙwabcin Malam Yari ce, wanda ya raka shi Hartum. Ya ce sun yi kwana biyu a mota, sun shiga layi a ofishin jakadanci, takardar gayyata ta yi kyau, hatimi ya zauna daidai. Jami'in da ke bayan gilashi mutumin kudancin Najeriya ne, mai fara'a. Ta bakin tafinta ya yi tambaya ɗaya tak: wannan da ta gayyace ka, ka ce ɗiyarka ce, yaya sunanta? Malam Yari ya sunkuyar da kai. Aka maimaita har sau uku. Ya ce, "Yana nan cikin takarda." Jami'in ya ce ai wanda bai san sunan 'yarsa ba takardar saye ya yi, ya turo masa fasfo ta ƙarƙashin gilashi.

Babaji ya kashe rikoda, ya zuba mata ido. "Kin san haka za ta faru."

"Na sani."

"Shi ya sa da na ce ki rubuta, ba ki yi mani gardama ba! Na yi ta murna, ina cewa zuciyarki ta yi sanyi..."

"Wata uku na yi ina tambayar masu zuwa ofisoshin nan irin tambayoyin da ake yi," in ji ta, muryarta a kwance. "Kai ba ka da takardar aiki, Baffa ba shi da ita. Ni kaɗai ce ma'aikaciyar gwamnati a zuriyar nan, dole sai da sunana. To ga shi nan na ba shi, na buga da manyan baƙaƙe. Ya faɗe shi gaban baƙo, ko kuwa ya mutu can cikin riɗinsa."

Inna Sabuwa ta leƙo daga ɗaki tana ɗaura kallabi. "Allah Ya yi maki albarka, ɗiyata! Wanda ya gaida kunkuru ai sai kunkuru ya aika mashi da takarda."

"Inna, don Allah..."

"Kai rufe mani baki! Ina kake lokacin da nake ɗumama wa yayata ruwa tana aman jini? Tana jin ƙarar mota sai ta ce a leƙa!"

Babaji ya juyo wajen Safara'u. "Layi biyu kawai za ki ƙara. Ki rubuta masu cewa ke 'yar fari ce, al'adarmu ba ta bar shi ya faɗi sunanki ba, su yi mashi wata tambayar. Tafinta ya ce in aka yi haka za su sake dubawa."

"Na san layukan. Tun ranar farko na san su."

"To?"

"Hannuna ba zai buga su ba."

Ya miƙe a hankali, ya kaɗe rigarsa. "Ina son ki, Safara'u, son da ban san iyakarsa ba. Amma ba zan zauna in ci shinkafar aurena ba alhali wan ubana yana bakin gilashi ana korar shi."

"To a ba kaji shinkafar!"

Sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace sannan ta lura tana ta zubar da shinkafar tana tara tsakuwa a faifai.

Magana ba ta kwana ba. Furera, 'yar maƙwabtan su Babaji, wadda ta daɗe tana zuwa sayen turare tana mantuwa da canji don ta dawo, ta ji labari a bakin famfo. Kafin la'asar ta kai wa mahaifiyar Babaji kwanon dambu da labarin, ta ƙara gishiri. Ta ce an ga Safara'u tana rawa da aka hana tsoho biza. Ta ce wadda ta yi wa ubanta haka, mi za ta yi wa uwar miji? Ranar Juma'a Baffa Garba ya aiko: an ɗage ranar aure sai yadda hali ya yi.

Safara'u ta ci gaba da zuwa aiki. Ta buga takardun sababbin kwamishinoni, ta buga na ƙarin girma, ta buga na sallama. Ta yi rama. Wata rana ta hango Furera a rumfar Babaji tana shinshina kwalabe tana dariya har da dafa benci. Ta wuce kamar ba ta gani ba, ta je gida ta fasa kwalbar humrar da ya ba ta. Kwana bakwai ɗakin yana ƙamshinsa, ta rasa wajen gudu.

Sai ga Babaji wata safiyar Asabar, bayan sati shida. Ya yi baƙi, idonsa ya faɗa.

"Ban zo roƙo ba," ya ce daga bakin zaure. "Ya sake zuwa Hartum, an sake tambayar shi, ya sake yin shiru. Tafinta ya ce in aka kore shi na uku, an rufe ke nan. Na yi magana da mutanen can, ƙarfe goma za su kawo shi wajen waya. In faɗa kike son yi, ki zo ki yi da shi. Ni na gaji da ɗaukar wa mutum biyu kaya."

"Furera ba ta taya ka ɗauka ba?"

"Furera ta saye turaren da zai ishi gari guda, ban ma san kalar idonta ba. Sa mayafinki."

A gidan waya suka yi layi bayan wani Alhaji da ke ta kururuwa a kan farashin gyaɗa. Da aka haɗa su, layin ya yi ta shuu kamar ana sheƙa gero. Can sai ga muryar da ta sani tun tana rarrafe kusa da rikoda, amma yau tana jiran amsa.

"Salamu alaikum... yarinyar nan ce?"

"Ina da suna, Malam Yari!"

Babaji ya runtse ido. Alhajin gyaɗa ya waigo.

"Na sani," in ji tsohon. "Ni na raɗa maki shi a kunne."

"To faɗe shi! Kalma ɗaya ce! Ka faɗe shi ka shigo jirgi. Ka iya barin mace shekara goma sha biyar tana leƙen ƙofa, ba ka ji kunya ba, sai sunana ne abin kunya?"

Ta ɗauka layin ya yanke.

"Gaskiyarki," ya ce. "Ban ciyar da ke ba. Ban tufatar da ke ba. Ban san tsawonki ba, ban san ko kin yi kamar uwarki ba. Duk abin da uba ke yi wa ɗiya, wasu suka yi maki. Abu ɗaya ya rage mani wanda ba mai yi sai uba, shi ne wannan. Liman na kiran sunanki, mai kanti na kira, shugabanki a wajen aiki na kira. Ranar da na kira shi, na zama ɗaya daga cikinsu. In haka ne hukuncinki, na karɓa. A rufe ni nan. Amma ba zan saye hanya da shi ba."

"Ba ka... ba ka ma tambayi yadda ta mutu ba!"

"Tsoro nake ji."

Ta ajiye kan wayar ba sallama. Ta fita ta tsaya a rana, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Babaji ya tsaya gefe yana kare ta daga idon mutane da babbar rigarsa.

"Tsoro yake ji," ta ce tana share hanci da bakin mayafi. "Tsoro! Wato can nesa yana zaune lafiya, bai san komai ba. In ya mutu can ai ya tsira, Yaya. Ya tsira!"

"Ban gane ba, abar ƙaunata."

"Za ka gane. Kai ni sakatariya ran Litinin da sassafe."

Ta buga layukan biyu, har ta ƙara na uku. Ta ce in suna son shaida, su tambaye shi abin da ke zaune cikin tsohuwar rijiyar masallacin unguwarsu, ga amsar ta rubuta. An ce jami'in ya karanta ya yi dariya har ya kira abokan aikinsa, ya ce bai taɓa jin ƙasar da ake ɓoye sunan ɗa don so ba, alhali ƙasarsa ce. Ya buga hatimi. Kwana casa'in.

Malam Yari ya sauka a Kano, mota ta kawo shi Katsina da azahar. Ɗan tsoho ne siriri da farin rawani irin na can, da buhun riɗi ɗaya. Ya tsaya gaban tsamiya ya daɗe. Inna Sabuwa ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ta ce ita ta makance sai baƙo ya tafi.

Safara'u ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakin mahaifiyarta, ta ajiye ruwa, ta zauna nesa kaɗan.

"Kwana casa'in na roƙa maka," ta ce. "Kullum bayan la'asar nan za ka zauna. Zan ba ka labarinta tun daga ranar da ka tafi. Abin da ta ci, abin da ta rasa, abin da mutane suka ce mata, abin da ta faɗa a ƙarshe. Ba za ka toshe kunne ba, ba za ka ce ya isa ba."

Tsohon ya kalli ƙasa. "Na ji."

Haka aka yi. Wata rana ya yi kuka, wata rana ita ta yi. A kwana na goma sha tara Inna Sabuwa ta fito ta ce ai ba haka aka yi ba, ta karɓi labarin ta gyara, ta ƙara nata zagin, daga nan ta zauna. A kwana na arba'in aka ɗaura aure. Da liman ya tambayi sunan amarya, Malam Yari ya zunguri ƙanensa Garba da gwiwar hannu, masallaci ya ɗauki dariya. Furera ba ta zo biki ba, ta ce ƙamshin turare na sa ta ciwon kai.

Ko da aka kai amarya Ƙofar 'Yandaka, ba ta fasa ba. Kullum la'asar Babaji ke ɗauko ta a babur ya kawo ta.

Ana saura kwana goma biza ta ƙare, ya je ɗaukar ta a sakatariya, ya tarar kowa ya tashi, ita kaɗai tana buga tafireta kamar mai jin haushinta.

"Amaryata, mi ake bugawa haka?"

"Neman ƙarin wa'adi."

Ya yi murmushi. "Ashe an yafe wa tsoho."

"Wa ya ce maka?" Ta zare takardar, ta hura ta, ta ninke. "Yanzu muka shiga shekara ta shida a labarin. Da sauran tara."