Lakar da Aka Mayar a Kife

Rana ta kusa faɗuwa Nevenka ta fito daga gida rungume da wani bututu, kamar mai ɗauke da jariri. Maƙwabcinta Frane yana ɗinkin komarsa a bakin ƙofa. Ta ce masa ganyen miya za ta tsinko. Ya dubi bututun, ya ce shi dai bai taɓa ganin an je tsinkar ganye da bindiga ba. Ta wuce abinta.

Bututun na 'yarta Tihana ne, wadda ke karatun laka a jami'a. Makon jiya ta zo da abokan aikinta suka soka ƙarfe a fadamar gishirin da ke bayan gari, suka zaro laka mai tsawon hannu. Ta nuna wa uwar yadda take hawa-hawa, baƙi a kan toka-toka, ta ce da wannan ake gane inda ruwan teku ya tsaya a kowane zamani. Na sama na jiya ne, na ƙasa na mutanen da aka manta. Ta zana kibiya mai nuna sama a jikin bututun, ta ajiye shi a firji kusa da cuku, ta ce don Allah kada a juya shi.

Washegari zazzaɓi ya kwantar da ita. Likita ya zo ya ba da magani, ba sauƙi. Guminta in ya bushe sai ya bar farin gishiri a kan matashi. Yau da rana kuma ta buɗe ido, ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Ruwa na shigo mana. Wa ya huda rufin?"

Shi ya sa Nevenka ta ɗauko lakar don ta mayar da ita inda aka zaro ta. Aikin Tihana na shekara guda ya rataya a kanta, ta sani. Amma ita 'ya ɗaya gare ta.

Fadamar na warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sauro na kuka a kunnenta, taɓo na tsotsar takalmin robarta a kowane taku. A bayanta ƙararrawar coci ta buga ta yamma, ta yi shiru. Teku ya fara cikowa, ruwan na ratsa ciyawa a hankali, ba ƙara.

Ta hango jan turken da su Tihana suka kafa don alama. Ga ramin a gindinsa, bai fi bakin kofi ba.

Ta durƙusa. Ɗumi ne ya fara bugun fuskarta. Sai ƙamshin hayaƙin itace, da na gurasa a kan wuta.

Daga cikin ramin.

Ta ji ana niƙa a kan dutse. Ta ji tarin jariri. Sai komai ya tsaya cak, kamar an ɗaga kai ana kallonta.

"Ke ce uwarta?" aka ce a hankali.

Muryar ta sake fitowa daga ramin.

"Rufe mana. In ba haka ba ita za ta zo ta toshe."

Ta yage ledar da aka rufe bakin bututun da ita. Ta kafa bakin bututun a ramin, ta tura lakar da tafin hannu, ta danna, ta sake dannawa. Ruwa ya kai mata gwiwa.

Wani abu mai sanyi ya riƙe idon sawunta. Yatsu ne. Ta ji kowannensu.

Ta fizge ƙafa, ta bar takalmin a nan. Ba ta waiwaya ba har ta taka dutsen hanya.

A gida ta tarar da Tihana zaune, tana neman romon kifi. Nevenka ta gaya mata komai, tana jiran faɗa. Sai yarinyar ta tambaya:

"Mama, da kika mayar, kibiyar sama take kallo?"

Nevenka ta tuna hannunta a kan bututun. Ta tuna kibiyar, tsininta a cikin taɓo. A kife ta mayar, na ƙasa ya koma sama.

Da safe ta buɗe ƙofa ta ga takalminta a kan dakali, an wanke shi tas, bakinsa na kallon cikin gida.

Tihana ta warke, ta koma birni. Amma tun daga ranar, in yamma ta yi ana ganin hayaƙi siriri yana tashi a tsakiyar fadamar, inda ba mai hura wuta. Frane ya daina tsokanar kowa. Ya ce duk sanda teku ya janye yana ganin sawun ƙafa ba takalmi a kan taɓo, manya da ƙanana, sun nufo gari.

Bai taɓa ganin na komawa ba.