Ko Jinya, Ko Rakan

Tun da aka idar da sallar la'asar Shaima take kuka, kanta a kife bisa cinyar mahaifiyarta Adama, wayarta kuma a yashe tsakiyar falo kamar ba tata ba. Saƙon jami'a ne ya iso. Makinta bai kai na karatun likita ba. Abin da ya rage ɗan ƙanƙane ne, amma kwamfuta ba ta san magiya ba.

"Khalas, ya isa mana, ya binti!" in ji Adama tana shafa mata baya. "Sai ka ce rasuwa aka yi? Maƙwabta za su ɗauka babanki ne ya faɗi."

Ba ta yi ƙarya ba kuwa. A unguwar Utaibiyya ta Makka gidajen a manne suke da juna, in ka yi atishawa a ɗakinka maƙwabci ne zai fara yi maka addu'a.

Ana haka Mahmudu ya shigo daga shagonsa na gyaran na'urar sanyaya ɗaki, hannu duk baƙin mai. Ya tsaya ya dubi 'yarsa tilo, wadda tun tana firamare take ɗaure wa 'yartsanarta bandeji, ya ce, "Ba su ba ki komai ba ke nan?"

"Sun ba ni biyu, Abuya. Ahya ko tamrid. Kafin ƙarshen mako sai na zaɓi ɗaya."

Ahya shi ne ilimin halittu, tamrid kuma aikin jinya, wato nas. Ta share hawaye ta yi masa bayani cewa ƙofar ba ta rufe gaba ɗaya ba. Akwai makarantar likitoci da ke ɗaukar waɗanda suka gama digiri a fannin kimiyya ko na lafiya, sai dai kujerun kaɗan ne, kuma mai babban maki kawai ake dubawa.

"To ke wanne ranki ya kwanta da shi?"

"Tamrid."

Nan take hannun Adama ya tsaya cak a bayanta.

Shaima ta san kanta. A sakandare, darasin ganye da hanjin kwaɗo hadda kawai take yi, ana fitowa jarrabawa ya bi iska. Amma abin da ta gani da idonta a ɗakin shan magani na Mina, inda take aikin sa kai tana yi wa tsofaffin mata alhazan Nijeriya da Nijar tafinta, ko guda bai taɓa fita daga kanta ba. In ana son ta ci babban maki, to sai a ajiye ta kusa da marasa lafiya. Wannan lissafin daidai ne, sai dai bai sa Hadijatu a ciki ba.

Hadijatu ita ce mahaifiyar Rakan, saurayin da aka ba Shaima. Yaro ne natsattse, yana karɓar baƙi a wani otal kusa da Harami. An kawo shabka, wato gwala-gwalan baiko, an kuma sa ranar milka, ɗaurin auren da ake yi kafin biki. Son da suke wa juna kuwa har ya fara gundurar 'yan unguwa.

Washegari sai ga Hadijatu daga unguwar Shisha, ƙamshin turarenta ya riga ta hawa bene. Ta zo maganar abincin milka ne. An zuba mata gahawa, ta kai kofi baki, sai ta tambayi labarin jami'a. Da ta ji amsar, kofin bai ƙarasa ba.

"Tamrid? Me na ji, Ummu Shaima? Matar Rakan ce za ta dinga kwasar fitsarin maza?"

Shaima ta ce, "Khala, hanya ce kawai, daga nan zan nemi likitanci..."

"Ba da ke nake ba! Ahya ba hanya ba ce? Karatu mai tsafta, a je da safe a dawo da azahar. In likitancin bai samu ba sai ta koyar a makarantar mata, mutuncinta a hannunta. Amma ɗana ya dawo aiki ya tarar da gida ba kowa, matarsa tana can tana juya ƙattin mutane a gado? La wallahi!"

Adama ta shiga ba da haƙuri. Hadijatu ta miƙe ta gyara abaya.

"Magana ɗaya ce. Ta danna ahya, milka tana nan. Ta danna tamrid, ku aiko min da shabkata."

Ƙofa na rufuwa Adama ta juyo kan 'yarta, ita ma da hawaye. "Ki rufa mana asiri, Shaima! An gaya wa dangi, an gaya wa mutanen Jidda, har 'yan'uwan babanki na Kano sun ji. Miji irin Rakan a titi ake tsintarsa? Duk ba kimiyya ba ce?"

"Ummi, in na shiga ahya makina zai faɗi, na san kaina. In ya faɗi shi ke nan, har abada!"

"To shi ke nan ɗin! Duk matan duniya likitoci ne?"

Kwanakin nan Shaima ba ta ci abin kirki ba. Ta buɗe shafin jami'a ta sa yatsa a kan ahya, sai ta kasa dannawa. Ta matsar da shi kan tamrid, sai fuskar Rakan ta faɗo mata. Ta rufe waya ta yi kuka, ta sake buɗewa. Duk wanda ya ce so daɗi ne zalla, bai ga yarinyar nan a makon nan ba.

Ana gobe wa'adi zai cika Rakan ya zo. Aka zaunar da shi a falon maza, Mahmudu yana gefe yana jan carbi kamar ba ya ji. Idanun yaron sun yi ja.

"Na roƙi Ummi, Shaima. Na sumbaci kanta, na sumbaci hannunta, na turo mata yayanta. Ta rantse. Don Allah ki ɗauki ahya. Zan nemo miki mai koya miki a gida, zan zauna in dinga yi miki tambayoyi da kaina."

"Kai da ko sunan ƙashin hannunka ba ka sani ba?" Ta so ta yi dariya, kuka ya ƙwace mata. "Rakan, in na ɗauka saboda kai, na faɗi, duk ranar da na ga mace da farar riga a asibiti kai zan kalla. Ba na son in tsane ka. Gara in rasa ka ina sonka."

"To ni in yi yaya? Uwata ce!"

"Ban ce ka saɓa mata ba. Wallahi ko ka ce za ka yi, ba zan yarda ba."

Ya dafe kai da hannu biyu. Can ya dubi Mahmudu, wanda yake kira Ammi, wato baffa. "Ammi, ka sa baki mana."

Mahmudu ya ajiye carbin. "Ni gyaran inji na sani, ya waladi. Amma ko inji, in ka ɗaura masa abin da ba nasa ba, zai yi aiki kwana biyu ya ƙone. Shaima, kin yi istihara?"

"Na yi, Abuya."

"To ki bi inda zuciyarki ta natsu. Abin da ya biyo baya, ni da ke ne."

Da safe ta danna tamrid. Bayan azahar ta saka abayarta, ta ɗauki akwatin shabka, ta ce ita za ta kai da hannunta. Adama ta bi ta a tasi tana sharar hawaye har Shisha. Shaima ta durƙusa gaban Hadijatu, ta sumbaci kanta, ta ajiye akwatin.

"Ki yafe min, Khala. Ba raini ba ne."

Hadijatu ko kallonta ba ta yi ba. Rakan da ke tsaye bakin ƙofa ya ce, "Ummi, ba zan aure ta ba sai kin yarda. Amma ki sani, ba zan auri wata ba."

"Ma gani!" in ji Hadijatu.

Aka kuwa gani. Babu gidan Hausawan Makka mai budurwa da Hadijatu ba ta sha gahawarsa ba, daga Shisha har Ka'akiyya. Ta dawo da hotuna a waya, Rakan ya duba cikin ladabi ya ce, "Masha Allah, Allah ya ba ta miji nagari." Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Shi ke kai ta Harami, shi ke karɓo mata magani, albashinsa na fita sai ya fara da ita. Bai kuma kira Shaima a ɓoye ba ko sau ɗaya, don ita ce ta hana.

Ita kuwa Shaima ta duƙufa. Ta ga jini, ta ga amai, ta riƙe hannun mai cikawa. A biki in ta shigo sai ta ji ana raɗa, "Ita ce wadda ta mayar da shabka saboda fo ɗin asibiti." Ta haɗiye. Kowace Sallah kuma sai ta je Shisha ta gaida Hadijatu, a ba ta gahawa ba tare da magana ba, ta sha ta yi godiya ta tafi. Adama ta sha ce mata, "Ke ba ki da zuciya ne?" Tana da ita, ciwo ma take mata.

Bayan shekara biyar ta fito da makin da malamanta suka yi alfahari da shi, ta fara aiki a ɓangaren mata na wani asibiti. Ta nemi makarantar likitoci, ta yi jarrabawa, aka kira ta ganawa. Gidan Mahmudu kowa ya zuba ido.

Ba a ɗauke ta ba. Kujerun sun ƙare kafin a zo kanta.

Ranar ko kukan kirki ta kasa, sai wani nishi da ke fita daga ƙirjinta. Ba Rakan, ba likitanci, ga shekaru sun tafi. Adama ta zauna ta yi tagumi. Kafin la'asar labari ya kai Shisha, kafin magariba sai ga ƙamshin turaren nan yana hawa bene.

Maganar gaskiya, Hadijatu ta zo ne ta ce ai na faɗa. Ta tarar da Shaima ido a kumbure tana goge rigar aikinta ta gobe. Yarinyar ta ajiye dutsen guga, ta gaishe ta, ta kawo gahawa.

"To," in ji Hadijatu, "ga inda taurin kai ya kai ki. Yanzu kin yi nadama?"

"Na ji ciwo, Khala, kamar in mutu. Amma ban yi nadama ba. Da ahya na ɗauka, da yau ba ni da likitanci, ba ni kuma da komai. Yanzu ko ba komai akwai mata a kan gado da ke jirana da safe. Akwai wata tsohuwa 'yar Maraɗi da ba ta jin Larabci, in ban je ba ba ta yarda a wanke mata ƙafa."

Hadijatu ta dubi rigar da ke kan tebur. Sai ga hawaye, abin da ko Adama ba ta taɓa gani a fuskarta ba.

"Uwata wannan aikin ta yi," ta ce a hankali. "Ba takarda, ba farar riga. Shara da kwasar fo a asibiti, da shi ta ciyar da mu. A makaranta yara har toshe hanci suke in na wuce. Na rantse jikokina ba za su ji abin da na ji ba." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ita ma haka take cewa, akwai masu jirana. Ko da zazzaɓi a jikinta."

Ta miƙe ta tafi. Washegari yayanta ya zo wurin Mahmudu neman a sa rana.

Ranar milka maza suka cika falo, mata suka cika ɗaki. Ma'azun, malamin da ke ɗaura aure ya rubuta, ya zo bakin ƙofar mata kamar yadda aka saba, don ya ji yardar amarya daga bakinta.

"Kin yarda da Rakan?"

"Na yarda."

"Kina da sharaɗin da za a rubuta?"

Shaima ta sunkuyar da kai. Bayan duk abin da aka sha, da wane baki za ta kawo wani sharaɗi? Ta ce, "Babu."

"Akwai!"

Hadijatu ce ta taso, ta ratsa mata har bakin ƙofa.

"Ya shaikh, ni ce uwar ango. Rubuta: za ta ci gaba da aikinta na jinya, za ta kuma sake neman likitanci, bana da baɗi da duk shekarar da ta ga dama. Ɗana ba zai hana ta ba, ni ma ba zan hana ta ba."

"Hajiya, amarya ce ke faɗin sharaɗi."

"To ke faɗa masa mana, ya binti! Ko sai na ara miki baki?"

Shaima ta maimaita kalmomin tana shessheƙa, guɗa ta ɓarke har titi. A falon maza Rakan ya rufe fuska da gefen mayafin kansa, abokansa suna ta zungurinsa.

A shekarar da ta biyo baya aka ɗauke ta. Hadijatu ce ta fara bugawa dangi waya, tana cewa, "Ai ni tun farko na san yarinyar nan za ta kai!"

'Yan'uwa masu shirin zaɓar fanni, ku zaɓi abin da za ku iya riƙewa ko da babban burin ya yi jinkiri, kada ku zaɓi abin da zai yi daɗin faɗa a gidan biki. In kuma iyaye suka tsaya a hanya, ba a ture su. Shaima ba ta saki karatunta ba, Rakan bai saɓa wa uwarsa ba, su biyun suka yi ta haƙuri cikin ladabi, har bakin da ya ce a'a ya zama shi ne ya tsaya mata a gaban ma'azun.