Jan da Ya Hana Gyaran Birki

Ni na tsara wa Oga jadawalin nan a kwamfuta: duk sashen da ya wuce kasafinsa, sandar da ke nuna kuɗin da ya kashe za ta tashi daga koriya ta koma ja da kanta. Shi kuwa Oga, da ya ga ja, ba ya sa hannu a fitar da kuɗi ko mutuwa za ka yi. Tun watan jiya sandar gyaran motoci take ja.

Bayan magariba ina ofis ni kaɗai ina duban jar sandar nan, sai warin fetur da ƙonanniyar taya ya cika ɗakin. Ban ji an buɗe ƙofa ba.

"Akanta, don Allah mayar min da ita koriya."

Dogo ne, direbanmu, tsaye a bayana. Muryarsa kamar daga cikin tanki take fitowa.

"Kai Dogo, ba da safe ka tafi kai kaya ba? Sau nawa zan gaya maka ba ni ke shafa kalar nan ba? Lissafi ne!"

"Birkin ne," ya ce a hankali. "Na faɗa muku."

Ban taɓa komai ba, amma ina kallo sandar ta yi ƙasa, ta zama koriya. Ta kusa da ita, ta tallafin iyalan mamata, wadda ba ta motsa ba duk shekara, ta fara hawa.

Wayata ta ɗau ruri, Oga ne. Na sunkuya zan ɗauka, idona ya sauka a kan tayil. Ga inuwar kujera, ga tawa. Ta Dogo babu.